Waya Ɗaya, Yara Arba'in da Huɗu

"Mamma, wace ce Bushira?"

Ummi ce ta yi tambayar, bakinta cike da shinkafa, kuma a gaban Hajiya, uwar mijina. Sunan Hajiya ne. Shekara shida da aurena ban taɓa furta shi ba, ko yanzu da nake rubuta shi hannuna nauyi yake yi. Da muka haifi 'yarmu ta fari aka mayar mata da sunan, shi ya sa tun ranar suna kowa Ummi yake ce mata, mu da maƙwabta da malamanta. Ko a jakar makarantarta Ummi Ya'ƙub na rubuta. Shekararta huɗu da rabi, ba ta san tana da wani suna ba.

Hajiya ta yi dariya har ta aje cokali.

"Ji min takwara. Yau sunana kika tashi kira gatsau, ko kunya babu? To ni ce. Ke ce kuma."

Ni ban yi dariya ba. Na sauke Imran, jaririna, daga kafaɗa na kwantar da shi a kan tabarma.

"Ummi, wa ya hwaɗa miki wanga suna?"

"Mai mashin."

"Wane mai mashin?"

"Na gindin dogon yaro. Da sahe, da Hajiya ta tahi sayen ƙosai."

Gindin dogon yaron nan, kusa da famfon unguwarmu a Jega, nan motar makaranta take ɗaukarta kullum ƙarfe bakwai da kwata. Hajiya ce ke raka ta tun da na haihu. Na dubi Hajiya, ta ce minti biyu ne, tsallaka titi kawai ta yi, kuma tana hango yarinyar.

"Mi ya ce miki?"

"Ya ce, Bushira ɗiyar Ya'ƙub, mota ba ta zo ba? Ni ban amsa mishi ba, don ni Ummi ce. Sai ya gwada min hotona cikin wayarshi." Ta lashe yatsa. "Wanda na sa jan hijabi."

Wannan suna a wuri biyu kawai yake rubuce: takardar haihuwarta, da fom ɗin shiga makaranta. Hoton jan hijabin kuwa sau ɗaya aka ɗauke shi, don fom ɗin. Kuma ni na gina shafin intanet ɗin da ake cika fom ɗin a cikinsa.

Difloma na yi a fannin kwamfuta kafin aure. Daga gida nake ɗan aikina, katin biki, buga takardu, irin waɗannan. Bara Malam Attahiru, mai makarantar kuɗin da Ummi ke zuwa a hanyar Aliero, ya ce in yi wa makarantarsa shafi. Yana son iyaye su riƙa cika fom ta waya. Yana kuma son wani ɓangare da ya kira Motar Makaranta, inda za a jera yaran da mota ke ɗauka, kowa da hotonsa da sunansa da na ubansa, da inda ake ɗaukarsa da ƙarfe nawa. Ya ce direba zai amfana, iyaye ma haka. Amma na san babban abin da yake so shi ne mutane su ga har daga Danwarai da Kashin Zama da Birnin Malam ana kawo masa yara.

Ni na ce masa ba za a sa ɗan kowa ba sai da izinin iyayensa. Na zauna na rubuta saƙon da kaina, da Hausar da kowa zai gane: "Kun yarda a sa sunan yaronku da hotonsa da wurin da mota ke ɗaukarsa a shafin da kowa ke iya gani?" A ƙasa maɓalli biyu, Na yarda da Ban yarda ba. Wanda ya ƙi, bayanan ɗansa ofis kaɗai za su tsaya. Har alfahari na yi da wannan akwati.

Da farko duk wanda ya buɗe shafin sai akwatin ya fito masa, ko da jadawalin jarrabawa ya zo dubawa. Bayan mako biyu Malam Attahiru ya kira ni.

"Fadila, wanga akwati naki ya ishi mutane. Mutum ya buɗe da sahe ya tare shi, ya buɗe da marece ya tare shi, kamar shingen hanyar Koko. Ga sabis ɗin ƙauye, kahin ya gama buɗewa data ta ƙare. Ki rage mishi ƙarhi."

A wurin da ake tsara lokacin fitowar saƙon akwai zaɓi uku. Ko ya fito kullum ga kowa. Ko ya fito ga waɗanda suka shigo daga ƙasar waje kaɗai, wanda ba shi da amfani a wurinmu. Ko kuma ya fito sau ɗaya a kowace waya, ya riƙe amsar shekara guda, ya yi aiki da ita a kan duk fom ɗin da aka cika da wannan wayar. Na uku na zaɓa. Lissafina shi ne kowane uba da wayarsa, yaransa biyu ko uku, me zai sa a dame shi da tambaya ɗaya sau uku? Cikina wata tara a lokacin, ƙafafuna a kumbure. Na danna, na rufe kwamfuta. Bayan kwana biyar na haihu, aka kai ni Maiyama wurin mahaifiyata wankan jego. Lokacin cika fom ya zo ya wuce ina can. Takardar haihuwar Ummi ma aika ta na yi wa Malama Dorothy, sakatariyar makarantar, na ce ta cika mana. Da na dawo Jega, da goyo da rashin barci, ban sake leƙa wannan ɓangaren ba.

Ranar nan na bar abincina na ɗauko kwamfuta. Sabis ya yi ta juyawa. Da shafin ya buɗe sai ga su a jere, layi bayan layi. Na ƙirga sau biyu, yara arba'in da huɗu. Duk yaran da motar ke ɗauka, babu wanda ya rage. Ta goma sha tara ita ce tawa, da jan hijabinta, tana murmushi da giɓin haƙorinta. Ga cikakken sunanta, ga na ubanta, ga "gindin dogon yaro, kusa da famfo, bakwai da kwata."

A ƙasan shafin akwai ɗan abin da ke ƙirga masu shiga. Ɗari shida da sha ɗaya. Iyayen makarantar duka ba su kai ɗari ba.

Na rufe ɓangaren nan take. Sannan na kira Malama Dorothy. 'Yar Zuru ce, shekararta tara a Jega, kuma ita ta fara koya wa Ummi riƙe fensir.

"Maman Ummi, yau an tuna da mu? Ya angona Imran, ya fara neman ni?"

"Anti Dorothy, fom nawa kika cika da wayarki?"

"Na 'yan mota? Duka mana. Wa ke da babbar waya a Kashin Zama? Masu ita ma ba data. Malam ya ce in bi mota in zagaya, gida gida na bi, kwana huɗu. Har baƙi na ƙara, ba ki gan ni ba."

"Akwatin tambayar hwa? Wanda ke neman izini."

"Ya fito. A Danwarai, gidan Malam Bashar, shi ne na farko. Na karanta masa, ya ce a sa ɗansa duniya ta gani, har ya sa aka canza wa yaron hula kafin in ɗauki hoto. Daga nan bai sake fitowa ba. Na ɗauka kin cire shi ne, tunda Malam yana ta ƙorafi. Lafiya dai? Muryarki ba daidai take ba."

Na gaya mata.

"Yesu," ta ce a hankali. "'Yata Joy ma tana ciki."

Mutum ɗaya aka tambaya. Amsarsa ta hau kan gida arba'in, har da nawa. Ba Malam Bashar ya yi laifi ba, ɗansa ya yi wa magana. Ba Dorothy ba ce, abin da waya ta nuna mata ta bi. Ni da na tashi a Maiyama, a gidan da waya ɗaya ke zagaya mutum goma sha biyu, ni ce na zauna na tsara abu kamar a garinmu kowa da tasa wayar.

Baban Ummi yana Aliero. Sana'ar albasa yake yi, yana saye lokacin da ta yi yawa ya adana a rumbu, ya fitar idan ta yi daraja. Na kira shi na ce ya dawo, ban faɗi dalili ba. Kafin la'asar ya shigo, warin albasa na bin rigarsa. Na zaunar da shi a ɗaki na faɗa masa komai, har da zaɓin da na danna.

"Tun yaushe shina kan shahin?"

"Mako bakwai."

"Mako bakwai." Ya shafa fuska. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin sauƙi. "Gobe ba ta zuwa makaranta. Ni za ni tsayawa gindin iccen nan."

"Malam, in ya zo da wani abu hwa?"

"Ba ni kaɗai za ni ba."

Da yamma na goya Imran na tafi gidan Malam Attahiru. Na same shi a ƙofar gida yana shirin alwala. Ya saurare ni, ya ce ai tunda na rufe magana ta ƙare, kada a tada hankalin iyaye, sunan makaranta ne zai ɓaci.

"Malam, wani ya tsaya gaban ɗiyata da hotonta, ya kira ta da sunan da ko ita ba ta san shi ba."

"Ƙila ɗan uwa ne."

"Ɗan uwa Ummi zai ce."

Ya aje buta. Kowa a yankin nan ya san abin da ake ji daga wasu wurare, yaran da ake tarewa a hanya, da kiran wayar da ke biyo baya. Ba sai an ambata ba. Na ga abin ya sauka a fuskarsa.

"Mi kike so a yi?"

"A canza duk wurin tsayawa da lokaci, daga jibi. Kuma a hwaɗa wa iyaye gaskiya, baki da baki. Ni zan je, ni na yi."

Washegari na hana Ummi fita ko tsakar gida. Ta yi kuka don ranar ce ake ba su kalar zane. Ƙarfe bakwai Baban Ummi ya fita da maƙwabcinmu mahauci. Daga tagar ɗakin Hajiya ana hango dogon yaron, nan na tsaya da Imran a hannu. Yara biyu na wata makaranta suka wuce. Mai kunu ta wuce. Bakwai da minti goma sai ga mashin ja ya rage gudu, ya tsaya daidai gindin icen. Mutumin ya ciro waya yana dubawa, yana waige-waige.

Ban san na matse Imran ba sai da ya tsala kuka.

Na ga Baban Ummi ya taso daga bayan famfo ya riƙe kan mashin ɗin, mahaucin ya tsaya ta baya. Na ga hannuwa na tashi. Sai kuma na ga mutumin ya sauka da kansa, ya cire hula, suka nufo gidanmu su uku. A zaure suka zauna. Na tsaya bayan labule.

Sunansa Sahabi. Direban ƙaramar bas ne a tashar Jega, yana jigila zuwa Maiyama, Baban Ummi ma ya san fuskarsa. Ya rantse, ya sake rantsewa. Ya ce aiki ya ja baya, shi ne ya ga jerin yaran ya yi tunanin ya bi wuraren tsayawa ya sami iyaye, ya ce musu motarsa ta fi ta makaranta sauƙi kuma ba ta lalacewa a hanya. Mashin ɗin ma aro ya yi. Jiya bai ga babba ba, shi ya sa ya yi wa yarinyar magana.

"Alhaji, ni ma ina da ɗiya ukku. Wallahi kasuwa nika nema. Da na san zai zama haka da ban ko kalle ta ba."

Na ji numfashina ya dawo. Na jingina da bango. Sai na ji Baban Ummi ya ce, "Ina ka sami hoton? Shahin makaranta ka shiga?"

"Wane shahi? Ni ban iya wanga ba. Guruf aka turo shi."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba.

"Malam Sahabi, ina kwana. Don Allah ba ni wayar in gani."

Ya miƙa wa Baban Ummi, shi ya miƙo min. Guruf ne na hira ta waya, na 'yan tasha da 'yan kasuwar albasa, inda ake cigiyar mota da sanar da farashi da ta'aziyya. Mutum ɗari biyu da talatin da takwas. Wani ya ɗauki hoton shafin namu daga fuskar wayarsa, guda tara, duk yaran sun fito, ya turo da cewa ga makarantar da ta ci gaba. A saman kowane hoto akwai alamar nan da ke nuna an yi ta tura shi daga hannu zuwa hannu kafin ya iso nan. Abin da na rufe jiya ƙofa ɗaya ce. Waɗannan suna cikin wayoyin mutane, ba ni da maɓallin da zai kai gare su.

Na ci gaba da ja ƙasa. Masu sa albarka, masu cewa ga ɗan wane ya girma. Sai wata lamba da ba ta da suna ba ta da hoto ta rubuta: "Cikin yaran nan su wa iyayensu ke da rumbun albasa?"

Wani ya amsa da alamar dariya, ya jero suna uku. Na biyu Ya'ƙub ne.

A ƙasa kaɗan an rubuta cewa lambar ta fita daga guruf ɗin. Kwana goma sha ɗaya ke nan.

"Wa ke da wagga lamba?" na ce.

Sahabi ya leƙa. "Ban sani ba, Hajiya. Kowa na sa kowa. Wani lokaci fasinja ne ya ce a sa shi don cigiyar mota."

Baban Ummi ya kira lambar da wayarsa, ya sa a sifika. A kashe take. Ya sake kira, haka. Mahaucin ya ce ƙila mai neman sayen albasa ne. Mai neman albasa kasuwar Aliero zai je, ba hoton yara zai duba ba.

Daga zauren suka wuce ofishin 'yan sanda su uku, suka ba da lambar da hotunan. An rubuta, an ce za a bincika. Ni kuwa na bar Ummi a ɗaki da Hajiya, na ce kada a buɗe wa kowa ƙofa, na shiga motar makaranta da Anti Dorothy muka kama hanyar ƙauyuka.

A Danwarai mun sami mata a wani babban gida suna zaɓar albasa, suna ware mai ruɓa gefe. Dorothy ta san kowace da sunan ɗanta. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka karɓi Imran ana yi masa wasa. Na yi bayani a hankali, na nuna musu hotunan da na kwafa daga wayar Sahabi. Wata ta ce a goge mana. Na ce na goge. Ta ce to ai shi ke nan. Na ce na goge nawa, na hannun mutane ba ya goguwa.

Wata dattijuwa da ke riƙon jikokinta biyu, Inna Kulu ake ce mata, ba ta daina zaɓar albasarta ba tun da muka zo. Sai a lokacin ta ɗago.

"Ɗiyata, tsaya. Kin ce akwai tambaya da aka aje don a yi muna."

"Awo, Inna."

"An yi min ita?"

"A'a."

"To wa ya amsa mani?"

Dorothy ta buɗe baki, na riga ta.

"Ni ce, Inna. Ni na tsara a tambayi mutum ɗaya a wadatar."

"Da an tambaye ni da na ce a'a. Uban yaran ga shina Legas, ni kaɗai ce da su." Ta jefa wata albasa cikin masu ruɓa. "Ga ki da goyo, ba zan miki baki ba. Amma gobe ki zo da tambayar taki, ki yi min ita da bakinki."

Matar Malam Bashar tana gefe tana share hawaye, wai mijinta ne ya jawo. Na ce mata ba shi ba ne, shi kaɗai ne ma aka yi wa daidai.

Mun yi Kashin Zama ranar, Birnin Malam washegari. Wani uba ya zage ni tas a gaban mutane, kuma ban ga laifinsa ba. Gida biyar suka cire yaransu daga motar, biyu daga makarantar gaba ɗaya. Aka canza wuraren tsayawa, yanzu ƙofar gida ake ɗaukar ƙanana, kuma ba a rubuta lokacin ko'ina, direba da iyaye kaɗai suka sani.

Da na koma kan kwamfuta ban tsaya a zaɓin nan uku ba, don babu wanda aka yi domin mu a cikinsu. Na raba abin gida biyu. Mai shigowa duba jadawali ko ranar hutu, ba a karɓar komai daga gare shi, don haka ba abin da zai tare shi. Amma duk lokacin da aka buɗe fom ɗin yaro, tambayar za ta fito sabuwa, ko sau ɗari aka cika da wayar nan. Ba ta riƙe amsar kowa. Tana neman sunan wanda ya amsa da dangantakarsa da yaron. In an tsallake ta, a'a ke nan. Wurin tsayawa da lokaci kuwa na cire su daga abin da ake iya nunawa, ko uba ya roƙa. Malam Attahiru ya gwada da wayarsa, akwatin ya fito masa sau uku a jere don jikokinsa uku. Ya dube ni, bai ce komai ba game da shingen hanya.

Anti Dorothy ta sake zagayawa gida gida, ni ma na bi ta Danwarai na yi wa Inna Kulu tambayarta da bakina. Ta ce a'a, na danna mata a gabanta. Cikin gida arba'in, shida ne suka yarda a sa hoto.

Wata huɗu ke nan yanzu. Lambar nan ba ta sake kunnuwa ba, ba mu kuma san ko ta wa ce ba. Ƙila ba komai. Ina gaya wa kaina haka kowace safiya. Ummi ba ta shiga motar makaranta kuma, babanta ke kai ta, yau ta wannan hanya, gobe ta waccan. In ya makara a Aliero ba ta zuwa. Ba ta zuwa sayen ƙosai, ba ta wasa a ƙofar gida. In mashin ya rage gudu a layinmu sai na tsinci kaina a bakin taga.

Abin da ya fi min ciwo shi ne abin da ya zama dole in koya mata. Na durƙusa a gabanta na riƙe hannuwanta na ce duk wanda ya kira ta da sunan nan, ko ya ce babanta ya aiko shi, ko ya nuna mata hotonta, kada ta amsa, ta ruga wurin mutane tana kiran Mamma. Muka yi ta gwadawa a tsakar gida kamar wasa. Tunda ni ba na iya furta sunan, Hajiya ce ta riƙa kira, Ummi na rugawa tana dariya. A karo na huɗu Hajiya ta ce ta gaji, ta shiga ɗaki. Da na bi ta na same ta zaune bakin gado.

"Sunan da ubana ya raɗa min," ta ce, "shi ne yanzu abin gudu."

Na zauna kusa da ita.

Shi ya sa na rubuta wannan. Kai da ke tsara shafin makaranta ko na asibiti ko na ƙungiya a garuruwanmu, kada ka ƙirga waya a matsayin mutum. A nan waya ɗaya unguwa guda ce, kuma amsar wanda ya fara dannawa ba ta sauran ba ce. Ke kuma uwa, in wani zai cika wa ɗanki fom da wayarsa, ko ƙawarki ce, ko malamarsa ce, ki tsaya a kansa. Ki ce a karanta miki tambayar neman izini da ƙarfi. In aka ce miki ba ta fito ba, kada ki ɗauka babu ita. Wani ne ya riga ya amsa a madadinki. Ki karɓe takardar haihuwar ɗanki, ki hana a ɗauki hotonsa, har sai an tambaye ki ke da kanki.